Askin Watan Fari

Geng Baoshan mutum ne mai auna abu. Shekara goma sha tara ya yi a gaban injin yankan ƙarfe a wata masana'anta da ke yammacin Shenyang a ƙasar Sin, kuma har gobe, in ka yi kuskuren zama kusa da shi, zai gaya maka cewa a zamaninsa yana raba silin gashi biyu da ido. Da aka rufe masana'antar ya koma gyaran keke. Da kekuna suka ragu a gari ya koma gyaran duniya da baki, a kan benci, shi da sauran tsofaffi. 'Yan unguwa suna ce masa Tsoho Geng tun kafin ya tsufa. Yanzu sunan ya zauna masa daram.

Ɗa ɗaya gare shi, Shunzi, mai shekara ashirin da huɗu, dogo, mai fuskar uwarsa. Yana shekara uku likita ta ce galahanga ce, ta rubuta sunan da muke kiran ta da shi a nan, ciwon kaɗaici. Shunzi yana magana, amma kalma ɗaya ɗaya, kamar mai sauke ƙwai daga kwando. Masu talabijin suna kiran irinsu 'ya'yan taurari. Geng ya ce shi dai bai taɓa ganin tauraron da zai ture kwanon jiaozi, ƙullin fulawa mai nama a ciki, don kawai an naɗe bakin fulawar sau tara maimakon goma ba.

A cikin dukan abin da ya yi a duniya, babu wanda Geng yake alfahari da shi kamar askin Shunzi. Yaron ba ya shiga shagon aski. Ƙarar injin tana shiga kansa kamar ƙusa. Saboda haka duk bayan mako uku, ranar Lahadi da hantsi, Geng zai ajiye kujerar katako ta fuskanci taga, ya yafa masa shuɗin ƙyalle, ya ɗauki almakashi. In ranar ta zo ba a yi ba, Shunzi zai fara tuge gashin da hannunsa, daga nan sai bango. Sau ɗaya hakan ta faru, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Geng, kuma tabon yana nan a goshin yaron, fari, kamar jinjirin wata.

Shekara ashirin da ɗaya babu hannun da ya taɓa kan Shunzi sai nasa. In ya faɗi haka a kan benci yakan yi ajiyar zuciya, don a ɗauka kuka yake da nauyin. Ƙarya ce. Daɗi yake ji.

Sai dai akwai watan fari. Kowa ya sani ba a aski a watan farko na shekara. Wanda ya aske kansa, kawunsa ne zai mutu. Mutane suna yin layi a shagunan aski kafin Sabuwar Shekara, su haƙura da gashinsu har biyu ga wata na biyu. Shunzi kuwa ba ruwansa da wata, Lahadinsa kawai ya sani. Kuma yana da kawu guda ɗaya, Luan Dagui, ƙanin uwarsa, tela mai rage tsawon wando. Don haka kowace shekara Geng yakan ja labule, ya bar ɗan tsagi don haske, ya yi askin a ɓoye, ya ƙulle gashin a tsohuwar jarida.

Bai taɓa jin nauyin hakan sosai ba, domin shi da Dagui ba sa magana. Shunzi yana shekara tara, a wajen cin abincin Sabuwar Shekara a gidan surukai, aka fasa abin wasan wuta a ƙofar gida. Yaron ya shige ƙarƙashin tebur yana ihu, ya jawo ƙyallen, kifin shekara ya faɗo ƙasa da romonsa. Dagui, da 'yar giya a kansa, ya ce a gaban dangi, "Mijin Yaya, ka iya gyara ƙarfe, ka kasa gyara ɗa guda?"

Daga ranar, matar Geng, Shufen, ke zuwa gaisuwar shekara ita kaɗai. Takan ce Shunzi na mura, babansa na jinyarsa. Shekara goma sha biyar murar nan ba ta taɓa saɓa rana ba.

Bana, ranar uku ga wata, Litinin, Geng ya fita zubar da shara. Mutumin da ke raba silin gashi da ido bai ga ƙanƙarar da ta kai faɗin tabarma ba. Ya tashi sama, ya sauko a kan hannun dama. A asibiti aka yi ɗori, aka naɗe hannun da filasta, aka ce sai bayan mako shida.

A motar haya, suna dawowa, Shufen ta ce, "Baban Shunzi, Lahadin nan ce fa."

"Na sani."

"To?"

"Ina da hagu."

"Jiya da hagun nan ka zuba wa kanka shayi a cinya, alhali ma damar tana nan lafiya."

Ita ba za ta iya ba. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Da can da idonta ke gani, shi ne ya hana ta, wai hannunta ba ya da ma'auni.

"Gobe za ka bi ni wajen su Yaya Bian," in ji ta.

Su Yaya Bian ƙungiya ce ta iyayen yara irin Shunzi. Suna haɗuwa duk Talata a wani ɗaki a ƙasan ofishin unguwa, har a makon biki, don makon biki ne ya fi musu wuya: makarantu a rufe, baƙi a gida, wasan wuta ko'ina. Shekara goma sha biyu Shufen tana zuwa. Geng bai taɓa leƙawa ba. Yana kiran su ƙungiyar hawaye, yana cewa namiji ba ya shanya rigar cikinsa a titi.

Ya tafi da shirin ganin kuka. Ya tarar da mata tara da tsoho ɗaya suna ɓare 'ya'yan furen sunfulawa kamar gyaɗa suna ƙyaƙyata dariya, saboda 'yar wata ta karɓi jan ambulan na kyautar shekara daga hannun kakarta, ta zubar da kuɗin a kwandon shara, ta adana ambulan. Shunzi ya wuce kai tsaye zuwa wata kujera kusa da bututun ɗumama ɗaki ya zauna, kamar wanda ya zo gidansu. Wannan ya ɗan sosa wa Geng rai. Bai san yaron yana da kujera a wani wuri ba.

Yaya Bian gajeriya ce, mai murya kamar ta mai sayar da tikitin bas, wanda kuwa shi ne aikinta na dā. Ta dube shi, ta dubi filastar.

"A'a! Yau wace rana? Mijin Shufen ashe da gaske akwai shi. Mun ɗauka a hoto ta saye ka."

"Na zo ne kawai in ji ko kuna da mai aski."

"Zauna tukuna, Babban Injiniya. Ina littafinka?"

Kowa a ɗakin yana da littafi. A ciki uwa ko uba ke rubuta yadda ake tafiyar da ɗansu: abin da yake ci, abin da ke firgita shi, abin da yake nufi in ya buga gwiwa sau biyu. Ba su ɓoye dalilin ba. Littafin na ranar da mai rubutun ba ya nan ne. Shufen ta cika nata ta fara na biyu, amma shafin aski fari ne fes, domin duk sanda ta tambaye shi sai ya nuna kansa ya ce, "Yana nan ciki."

"Yana nan ciki," in ji Yaya Bian, tana kwaikwayon muryarsa, alamar labarin ya daɗe da zuwa. "To da kan ne ka faɗi a kai ba hannun ba fa? Faɗa, in rubuta."

Ya gyara zama. Ya ɗauka zai yi awa biyu yana bayani, don abu ne mai zurfi. Ya ce kujera ta fuskanci taga. Shuɗin ƙyalle, ba wani ba. Ba madubi. A nuna masa almakashin ya taɓa. A fara daga kunnen hagu. A ƙirga kowane yanka da ƙarfi, har ɗari da ashirin, ko gashin ya ƙare ko bai ƙare ba. A hura masa iska a ƙeya sau uku. Ya buɗe baki zai ci gaba, ya tarar babu saura.

"Shi ke nan?" in ji Yaya Bian. Ta juya littafin ta nuna wa jama'a. Ilimin shekara ashirin da ɗaya bai cika rabin shafi ba.

"Ba a rubutu yake ba," in ji Geng. "A hannu yake."

"To hannun yana hutu. Ji nan. Baƙo ba zai yiwu a kwana biyar ba. Kuma mu duk nan sa'anninka ne, tare za mu tafi. Ana son na gida, wanda ya fi ka ƙuruciya, wanda ya saba da almakashi. Wa kuke da shi?"

Shufen ta sunkuyar da kai tana ɓare sunfulawa. "Dagui," in ji ta.

"Wane ne Dagui?"

"Ƙanina."

Sai tsohon nan guda ɗaya, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya ce a hankali, "Wato kawun yaron. A watan fari." Dariya ta ɓarke har wata ta shaƙe, aka yi ta bubbuga mata baya.

Washegari Geng ya sayi kwalin lemo ya rataya a hagu, ya shiga bas. A hanya ya tsara jawabi mai kyau, wanda a cikinsa ba shi ke roƙo ba, dama ce yake bai wa Dagui ya gyara kuskurensa.

Shagon Dagui ɗan ɗaki ne a ƙasan benensu, cike da wandunan mutane a rataye. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi furfura, tef ɗin awo a wuya. Ya ɗago ya ga mai shigowa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mijin Yaya? Yaya murar?"

Jawabin ya gudu ya bar Geng a tsaye da lemo. Sai ya faɗi abin yadda yake, tun daga ƙanƙara har zuwa Lahadi, har da bango da tabon goshi. Da ya ga ya riga ya tuɓe, sai ya ƙarasa da maganar labule da tsohuwar jarida.

Dagui ya zauna a hankali. "Sau nawa?"

"Ashirin da ɗaya."

"Ashirin da ɗaya! Kana kashe ni duk shekara, ko gaisuwar ta'aziyya ba ka aiko ba? Wallahi shi ya sa gwiwata ke ciwo duk bayan biki!"

"Ƙiba ce. Ga ka nan da ranka, har ka fi ƙarfin kujerar."

"Kuma yanzu so kake in riƙe almakashin da kaina. Mijin Yaya, ko mahauci ba ya ce wa rago riƙe wuƙa."

"Ban san ka yarda da camfi ba."

"Ban yarda ba. Gwadawa ce ba na so."

Idon Geng ya sauka a kan wata riga mai ruwan toka da ke kan keken ɗinki, ba a gama ta ba. An yi ɗinkin ta waje, cikin ya zama sumul, ba tambari a wuya, maɓallai huɗu manya. Ya san rigar nan. Irinta biyar ne a akwatin Shunzi, don yaron ba ya jure ƙaiƙayin ɗinki a fatarsa. Shufen takan ce a kasuwa take samo su, shi kuma yakan yaba wa masana'antun zamani da suka fara hankali.

"Wannan ta wa ce?"

Dagui ya ja wani wando ya rufe ta, ya makara. "Yaya ke kawo awon da igiya," in ji shi. "Tun shekarar kifin nan. Ban san me zan ce maka ba, to ni kuma ɗinki na iya." Ya murza tef ɗin wuyansa. "Kafaɗarsa ta ƙaru bara. Ban taɓa ganin kafaɗar ba, igiya kawai nake gani."

Geng ya ajiye lemon a kan wandon wani. Shekara goma sha biyar yana gadin ƙofa da ƙirji a buɗe, ashe jama'a ta taga suke shige da fice, suna gaisawa a bayansa.

"Ƙarfe nawa ne ranar Lahadin?" in ji Dagui.

Yaya Bian ta aiko da umarni ta waya: kawun ya riƙa zuwa kullum kafin ranar, ya zauna inda yaron zai gan shi, kada ya yi masa magana, kada ya kalle shi cikin ido, kada ya kawo tsaraba. Dagui, wanda bai taɓa yin shiru na minti biyar ba tun haihuwarsa, ya zauna a falo kamar buhun shinkafa. Ranar Alhamis Shunzi ya zagaye shi kamar yadda ake zagaye tebur. Ranar Juma'a ma haka. Ranar Asabar ya tsaya, ya kama hannun rigar Dagui, ya sunsuna, ya sunsuna tasa rigar. Man keken ɗinki ɗaya ne. Ya saki, ya wuce. Dagui ya shiga banɗaki ya daɗe yana wanke fuska.

Lahadi ta zo da rana mai haske marar zafi, irin wadda ke sa ƙanƙarar taga ta yi kamar an zana ganye a kai. Dagui ya iso da jar ɗamara a ƙugu, da jar safa, da wani jan zare na tsari da matarsa ta ɗaura masa a hannu tana zagin dangin Geng kaf.

"Ba ka yarda da camfi ba," in ji Geng.

"Sanyi nake ji."

Geng ya nufi labule bisa al'ada, sai ya tuna wanda ake ɓoye wa yana tsaye a tsakiyar ɗakin. Ya bar shi a buɗe. Shufen ta ajiye kujera. Shunzi ya zo ya zauna, aka yafa shuɗin ƙyalle. Geng ya tsaya a gefe a shirye, ƙafafu a ware, don ya san abin da zai faru: da zarar baƙon hannu ya taɓa kan nan, yaron zai zabura, ya nemi ubansa. Ya ma tanadi abin da zai ce wa Dagui don kada ya ji kunya.

Dagui ya nuna almakashi. Shunzi ya taɓa. Dagui ya zagaya ta dama, ya ɗaga gashin da ke kan kunne.

"Hagu," in ji Shunzi.

"Yi haƙuri, ɗan Yaya, kawunka jaki ne." Ya koma ɗaya gefen. Ya rufe ido ɗaya, kamar mai jiran faɗuwar gini, ya datse.

"Ɗaya," in ji Geng.

Gashi ya sauka a kan shuɗin ƙyalle. Ba wanda ya mutu. Ba wanda ya zabura.

"Biyu. Uku."

Kafin a kai talatin hannun tela ya tuna kansa. Almakashin ya fara tafiya da ɗan sauti mai daɗi, yana bin kan kamar yana bin alli. Shunzi yana kallon taga, yana motsa yatsunsa a ƙarƙashin ƙyalle yadda ya saba, kafaɗunsa a sake. Geng yana ƙirga yana jira. Ya jira a arba'in. Ya jira a sittin. Ya lura, ba da son ransa ba, cewa layin ƙeyar ya fi nasa miƙewa. A saba'in da huɗu lissafi ya ɓace masa.

"Saba'in da biyar," in ji Shunzi, ba tare da ya juyo ba. "Saba'in da shida."

Shi ya kai su har ɗari da ashirin. Dagui ya sunkuya ya hura ƙeya sau uku. Shunzi ya miƙe, ya cire ƙyallen ya ninke.

Geng ya tsaya da hannunsa a rataye a wuya. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ranar da zai tafi ya bar kan nan ba mai taɓawa, kuma yau aka sauke masa wannan dutsen. Ya kamata ya yi murna, yana kuma yi. Amma can ƙasa wani ƙaramin tsoho marar kunya yana cewa, ko ɗan ihu ɗaya ai da an yi, don mutunci. Shekara ashirin da ɗaya yana ɗaukar kansa rana a sararin yaron nan. Ashe yana cikin jerin ne kawai, tsakanin kujera da ƙyalle.

Shunzi ya fita, ya dawo da tsintsiya. Ya wuce uwarsa, ya wuce kawunsa da ya miƙa hannu, ya tsaya a gaban Geng.

"Baba," in ji shi.

Geng ya manta da wannan. Bai faɗa wa Yaya Bian ba, don bai taɓa lissafa shara cikin ilimi ba. Ya karɓa da hagu, ya fara share gashin a karkace, rabi yana komawa inda ya fito. Shunzi ya tsaya yana duba aikin har silin ƙarshe.

Dagui ya zube a kujera yana taɓa jijiyar wuyansa. "Yaya, duba min, ina numfashi?"

"Kana numfashi, har ka fi kowa. Tashi ka wanke hannu, jiaozi sun nuna."

"Naɗi goma?" in ji Dagui.

"Har wannan ma ka sani?" in ji Geng.

Bayan an ci an sha, Geng ya ce a ba shi littafin. Ya buɗe shafin aski, ya riƙe alƙalami da hagu kamar mai riƙe da guduma. A ƙasan rubutun Yaya Bian ya ƙara da haruffa masu tangaɗi: a share gashin. Sannan ya rubuta: wanda ya iya, Luan Dagui.

Dagui ya leƙo ta kafaɗarsa. "Shekara shida kawai ka ba ni, Mijin Yaya, ga shi kuma ka riga ka ci min ashirin da biyu. Kada ka dogara da ni da yawa. 'Yata tana da hutu ranar Lahadi. Hannunta ya fi nawa."

Geng ya gyara riƙon alƙalami. Ya ja layi a ƙarƙashin sunan, karkatacce, irin wanda da a masana'anta ne da an kore shi a kansa, ya bar wurin wani sunan a buɗe.